Yadda ake tsare lafiyar ƙwaƙwalwa tun daga tukunyar miya

Yawancin masu cewa za su fara kula da ƙwaƙwalwarsu, kwalba suke fara saya. Mutum ya tsaya gun mai tallar magani da lasifika a bakin babbar kasuwar Katsina, a miƙo masa wani ruwa a ce yana ƙara kaifin basira yana maganin mantuwa. Wani kuma ya tara zuma da habbatussauda ya ce ya gama. Zuma ba ta da laifi, amma ba nan gizo ke saƙa ba. Ƙwaƙwalwa da jini take rayuwa. Nauyinta bai wuce kashi 2 cikin 100 na jiki ba, amma tana cinye kusan kashi 20 na ƙarfin da jiki ke samarwa. Duk abin da ya lalata jijiyoyin jini, ita zai lalata.

Saboda haka matakin farko awon jini ne. Hawan jini ba ya sallama. Sai mutum ya yi shekaru da shi ba ciwon kai ba jiri, ranar da ɓarin jiki ya shanye a ce iska ce ko sammu. Ka je asibiti ko kemis, ka zauna ka huta minti 5 kafin a ɗaura maka abin awo, kada ka ci goro ko ka sha shayi dab da zuwa. In aka auna a ranaku daban-daban yana kai 140/90 ko fiye, ga likita. In ya rubuta magani, ba a ajiye shi don an ji sauƙi. Babban gida ma gara a haɗa kuɗi a sayi na'urar awo guda, ya fi kowa ya riƙa biyan kuɗin Keke Napep.

Mataki na biyu gishiri, kuma a nan na ga mutane sun fi faɗuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba kada ya kai giram 5 a yini, wato kimanin ƙaramin cokalin shayi guda, kuma lissafin ya haɗa da duk abin da ya shiga baki daga karin kumallo har tuwon dare. Maigida zai dawo daga asibiti ya ce a daina sa gishiri. Bayan wata guda jini na nan inda yake. Ka tambaya, uwargida ta ce: "Wallahi Malam ko ƙwaya ban sa ba, dunƙule kawai na ƙara guda biyu." To ai dunƙule, babban kasonsa gishiri ne. Kanwar da ake jefa wa miyar kuka da wake ita ma tana ɗauke da sinadarin da ke ta da jinin. Ga yajin tsire, ga kilishi, ga ɗan garin da ke cikin ledar taliyar yara, ga gyaɗa mai gishiri da ake ci ana hira ba a lissafa ta.

Wani kuskuren kuma shi ne cire gishirin gaba ɗaya a rana guda. Miya ta fito lami, yara su ture kwano, maigidan da ya kafa dokar shi ne zai fara aikawa a sayo masa tsire. Kwana uku an koma gidan jiya. A hankali ake yi: in dunƙule huɗu ake sawa, a koma uku na mako biyu, sannan biyu. Harshe na sabawa cikin 'yan makonni, har abincin waje ya riƙa yi maka zau. Gurbin da aka bari a cike shi da daddawa, albasa, tafarnuwa, citta da masoro. Kwaɗon zogale ko rama a matsa masa lemon tsami. Ni ban yarda a yi wa mai hawan jini tukunyarsa daban ba. Asarar itace ce, kuma yara za su tashi da harshen da zai kai su inda ubansu yake. Tukunya guda, kowa ya ci. Gero da dawa da wake kuwa muna da su, a rage farar shinkafa da lemon kwalba, furar ma kada a kashe ta da sukari.

Mataki na uku motsa jiki, minti 150 a mako, wato rabin awa sau biyar. A zafin garin nan bayan Asuba ya fi. Ka bar babur a gida ka taka zuwa masallaci ko kasuwa, da saurin da za ka ji numfashi ya ƙaru amma kana iya magana. Mata su yi ziyarar unguwa a ƙafa. In kuma dole sai babur, sa hular kwano, don buguwar kai na cikin abubuwan da ke jawo ciwon mantuwa daga baya.

Barci awa 7 ko 8. Zaman teburin mai shayi har ɗayan dare da latsa waya a kan gado su ke cinye shi. Mai minsharin da numfashinsa ke ɗaukewa ya faɗa wa likita.

Sauran a taƙaice. Kwamitin masana na mujallar likitoci ta Lancet ya lissafa abubuwa 14 a 2024, ya ce magance su na iya hana ko jinkirta kusan kashi 45 cikin 100 na ciwon mantuwa. A ciki akwai ciwon suga, taba, gurɓatacciyar iska, raunin ji da na gani, da kaɗaici. Don haka a auna suga, a fitar da murhu inda hayaƙi zai fita, tsohon da ya daina ji ko yanar ido ta rufe shi a kai shi a duba, kada a ce tsufa ne kawai. Kada kuma a killace shi a ɗaki da sunan hutu. A bar shi ya je majalisa, ya yi tilawarsa, jikoki su dame shi da tambaya.

In kuwa ka ga bakin mutum ya karkace farat ɗaya, hannu ya mutu, ko magana ta sarƙe, kada a ɗura masa ruwa ko rubutu, yana iya shaƙewa. A lura da lokacin da abin ya fara, a nemi mota a wuce asibiti nan take.