Yadda ake sauraren jitar Göran Söllscher mai tsirkiya 11

Wanda yake so ya fahimci kiɗan Göran Söllscher, makaɗin jita ɗan ƙasar Suwidin da aka haifa a garin Växjö a 1955, ya fara da kallon bidiyonsa kafin ya koma ga sauraro zalla. Ka tsayar da hoton, ka ƙirga tsirkiyoyin jitar. Sau da yawa za ka samu 11 ne, ba 6 da aka saba gani ba.

Wannan jita aikin Georg Bolin ce, wani maƙerin kayan kiɗa na birnin Stockholm, wanda ya ƙirƙiro ta tare da Per-Olof Johnson, malamin da ya koyar da Söllscher a Malmö da Kwapanhegin. Abin da suka nema shi ne jitar da za ta iya ɗaukar kiɗan da aka tsara wa lut, wani tsohon abin kiɗan Turai mai kama da molo, ba tare da an sauya masa komai ba. Tsirkiyoyi 6 na farko an ɗaure su sun fi na jitar yau da kullum zaƙin murya, sauran 5 kuwa na amo mai kauri ne, kowace tana ƙasa da wadda ta gabace ta.

Bayan haka sai ka nemi abin da Söllscher ya naɗa na kiɗan Bach, shahararren mai tsara kiɗa ɗan Jamus na zamanin da, ka sa abin sauraro a kunne, domin lasifikar waya tana haɗiye amon ƙasa, alhali a nan ne gwanintarsa take. A karon farko kada ka bi karin da ke sama, ko da yake shi kunne yake fara kamawa. Ka bi babban yatsansa na dama. Idan ya taɓa tsirkiyar ƙasa yakan bar ta ta yi ta amo yayin da sauran yatsun suke aikinsu, sa'annan ya dafe ta daidai lokacin da za ta fara gurɓata sautin da ke biye. A ganina wannan dafewa, wadda da wuya mai gaggawa ya lura da ita, ita ce ta sa kiɗansa yake fita tsaf. Sai ka saurari wannan kiɗa a hannun wani mai jita mai tsirkiya 6, za ka ji wuraren da dole ya ɗaga amon ƙasa zuwa sama saboda jitarsa ba ta kai can ba.

Yawancin faya-fayen Söllscher kamfanin Deutsche Grammophon ne ya fitar, bayan ya lashe gasar jita ta duniya a Faris a 1978, kuma ya daɗe yana koyarwa a makarantar kiɗa ta Malmö. In kunnenka ya saba da Bach, ka wuce ga kiɗan Paganini, wani mai tsara kiɗa ɗan Italiya, wanda Söllscher ya naɗa tare da Gil Shaham mai gogen Turawa, inda Söllscher yake rakiya, ka lura da yadda yake rage ƙarfin hannunsa duk lokacin da gogen ya karɓi gaba.