Idan yatsa ya ƙi buɗe manhajar kalmomin sirri a kwamfutar hannu (tablet)

Kuskuren da ya fi kowanne tsada shi ne mutum ya goge manhajar ya sake sauke ta, ko ya share bayananta daga saituna, don kawai zanen yatsa ya daina aiki. Garin neman gira a rasa ido ke nan. Wanda ya yi watanni yana buɗe Bitwarden ko 1Password da yatsa, sau da yawa babbar kalmar sirrinsa, wato wadda ke buɗe manhajar ita kanta, ta ɓace masa bai ma sani ba. Da ya sake sauke manhajar, ita za a fara tambayarsa. In 1Password ce, tana iya neman mabuɗin sirri na asusun, wanda aka ba shi ran da ya yi rajista, in kuma ya saka tantancewa mai mataki biyu, sai ya kawo lambar. Kamfanonin nan ba sa riƙe babbar kalmar sirrin kowa, don haka ba su da abin da za su turo maka. Kafin ka taɓa komai, gwada shiga asusunka a wata na'urar ko a burauza, ka tabbatar kalmar tana kanka.

Sannan ka gano inda matsalar take. Manhajar ba ta taɓa ganin zanen yatsanka. Yana ajiye ne a wani keɓaɓɓen sashe na na'urar, manhajar kuwa tambaya kawai take yi, Android ko iPad su amsa mata da e ko a'a. Saboda haka kulle allon ka ɗora yatsa. In allon ma ya ƙi buɗewa, manhajar ba ta da laifi, sai ka koma kan yatsan da wurin ɗora shi. In allon ya buɗe amma manhajar ta ƙi, to matsalar tana cikin saitunanta.

A ɓangaren yatsa, abubuwan sanannu ne: jiƙa, maiƙo, gumi, fata mai tsagewa, datti a kan maɓalli. Abin da aka fi mantawa shi ne kwamfutar hannu ba waya ba ce, ana juya ta tsaye da kwance. Ka yi rajistar yatsa tana tsaye, yanzu ka jingine ta a kwance, maɓallin ya koma ɗaya gefen, kana ɗora yatsa a karkace. A iPad Air daga 2020 zuwa yau, da iPad mini na 2021, Touch ID, wato mai karanta yatsa, yana cikin maɓallin sama ne, don haka wannan matsalar ta yi yawa. Ka yi rajistar yatsa ɗaya a kowane hannu; iPad tana karɓar har guda 5. Haka kuma rigar na'ura mai kauri takan rufe gefen maɓallin. Na'urori masu karanta yatsa a ƙarƙashin allo kuwa, sabon gilashin kariya yakan rikita su, sai an goge tsohon zanen an sake yin rajista da gilashin a manne. Kada kuma ka yi ta dannawa cikin fushi: bayan kuskure 5 a jere, iPad za ta nemi lambar buɗe allo, Android kuma takan sa ka jira.

Sai dai sake rajistar nan tana da nata tarkon, kuma a nan ne mutane da yawa suke zaton manhajar ta lalace. Da zarar an ƙara sabon yatsa, yawancin manhajojin nan sukan soke buɗewa da yatsa har sai ka shigar da babbar kalmar sirri, wani lokaci ma sai ka shiga saitunan tsaro ka kashe zaɓin ka sake kunna shi. Da gangan aka yi haka. In ba don shi ba, duk wanda ya san lambar allonka zai iya ƙara nasa yatsan ya kwashe maka komai. Cire makullin allo gaba ɗaya ma yana jawo hakan, har ma yakan tafi da zanen yatsun da aka ajiye.

Akwai kuma lokutan da babu abin gyarawa. Bayan an kashe na'ura an kunna, sai an sa lambar allo kafin yatsa ya yi aiki, haka ma in iPad ta yi awa 48 ba a buɗe ta ba. Wasu manhajojin sukan nemi babbar kalmar lokaci-lokaci don kada a manta ta, kuma a ganina wannan gata ne, bai kamata a kashe shi ba.

A Bitwarden, duba abin da ka zaɓa ya faru in lokacin da manhajar take zama a buɗe ya ƙare. Kullewa daban, fita daga asusu daban. Yatsa yana buɗe abin da aka kulle ne kawai. In ka zaɓi fita, kullum sai kalmar sirri da intanet. Kuma kunna zaɓin yatsa a wayarka bai kunna shi a kwamfutar hannu ba, kowace na'ura da nata saitin.

In zaɓin bai ma fito ba sam, ƙila na'urar ce ba ta da shi. iPad Pro ta koma Face ID, wato buɗewa da fuska, tun 2018, kuma kwamfutocin hannu na Android masu araha da yawa ba su da wurin ɗora yatsa. Buɗewa da fuska ta kyamarar gaba da suke da ita, Android takan ɗauke ta a matsayin tsaro mai rauni, manhajojin kalmomin sirri kuma sukan ƙi ta.

Kwamfutar hannu ta fi waya yawo a hannun mutanen gida, kuma manhajar ba ta bambance yatsan wane ne. Duk yatsan da ke cikin rajista zai buɗe ta. In akwai na wani a ciki, a Android buɗe masa nasa sashen mai amfani daban in na'urar ta yarda. A iPad ta gida babu wannan tsarin, sai dai ka cire yatsan nasa ko ka koma buɗe manhajar da kalmar sirri.