Kafin Ka Sayi Fili a Karkarar Amurka, Tambayi Kuɗin Jawo Wuta

Bahaushe duk inda ya sauka sai ya yi tunanin mallakar fili. Da ka fara tsayawa da ƙafarka a Amurka za ka soma cin karo da tallace-tallace a intanet: eka biyar a kwarin San Luis na jihar Kolorado, ko a hamadar Arizona, ko yammacin Teksas, a kan kuɗin da bai kai na tsohuwar mota ba, wani ma a riƙa biya kaɗan-kaɗan duk wata. Eka ɗaya kuwa ta fi fuloti takwas irin namu na ƙafa 50 da 100. Dole ranka ya biya.

Arahar nan da dalilinta. Da yawan wuraren tun shekarun 1960 da 1970 aka yayyanka su a takarda, aka raɗa wa tituna suna, amma har yau ba ruwa ba wuta. In dillali ya rubuta "akwai wuta kusa", kada ka ɗauka ya yi maka alkawarin komai. Kusan nasa yana iya zama mil guda.

Ba kai ke zaɓar wanda zai jawo maka waya ba, kowane yanki da mai shi. A karkara galibi ƙungiyoyin gama-kai ne, waɗanda suka samo asali daga dokar kai wuta ƙauyuka ta 1936, zamanin Shugaba Roosevelt, lokacin da gona ɗaya cikin goma ce kawai ke da lantarki. Pedernales ta Teksas, wadda aka kafa a 1938, tana cikinsu. Masu shan wutar su ne masu ƙungiyar, don haka ba za su yarda a ɗora wa tsofaffin mambobi kuɗin turakun baƙo ba. Kowace tana da rubutacciyar ƙa'idarta. Wata takan ɗauke maka wani kaso na aikin, wata ko ƙafa ɗaya ba ta yafewa. Abin da ya saura kai za ka biya, kuma kafin a kafa turke ko ɗaya.

Yi lissafi da kanka. Mil ɗaya ƙafa 5,280 ne. A ce turken ƙarshe yana rabin mil daga inda za ka yi gini, a ce kuma sun yanke maka dala 10 a kowace ƙafa: dala 26,400 ke nan, a filin da wataƙila ka saya dala 6,000. In ƙasar dutse ce, ko sai an sare itatuwa, ko dokar unguwar ta ce dole a binne waya a ƙasa, kuɗin ya ƙara hawa. Ga taransifoma, don a can gidan da ke shi kaɗai a daji tasa ake rataya masa.

Abin da ya fi kuɗin ciwo shi ne hanyar waya. In sai ta ratsa filin wani kafin ta iso naka, dole mai filin ya sa hannu a takardar izini, a kuma yi mata rajista a ofishin gunduma. A irin waɗannan wurare maƙwabcin naka yana iya zama mutumin da ya saya shekara arba'in da suka wuce bai taɓa taka wurin ba, ko magadansa da suka watsu a jihohi. In ya ƙi, ko aka rasa shi, sai zagaye, zagayen kuma daga aljihunka.

A gida mun saba 'yan unguwa su yi karo-karo su sayi taransifoma, a kira mai hawa falwaya ya jona. A can taɓa wayar kamfani laifi ne babba, kada ma ka fara. Amma karo-karon yana da amfani, domin wasu kamfanoni kan mayar maka da wani abu in maƙwabta suka jona a layin da ka biya cikin wasu shekaru. Tambaya, ba lallai su fara faɗa maka ba.

Sai ƙananan kuɗaɗe: akwatin mita, ma'aikacin wuta mai lasisi, izinin gunduma da jami'in da zai zo dubawa. Sabon zuwa da bai da tarihin biyan bashi a ƙasar sau da yawa sai ya ajiye kuɗin jingina. Bayan an jona kuma akwai kuɗin wata-wata ko ba ka kunna ƙwai ɗaya ba.

To, kafin ka ba da ko kafin alƙalami, karɓi lambar filin ta gunduma, ka kira sashen injiniyoyi na kamfanin wutar, ka nemi ƙiyasi a rubuce. Ko sun ce sai ka biya kuɗin zuwa awo, biya, wannan ba asara ba ce. Ka sa a rubuta cikin yarjejeniya cewa in kuɗin wuta ya zarce kaza, ciniki ya tashi a mayar maka da kuɗinka. Akwai dokar tarayya ta 1968 da ta wajabta wa masu yanka manyan filaye, fuloti 100 zuwa sama, su ba mai saye rahoton da ke bayyana halin ruwa da wuta da hanya, da damar fasawa cikin kwana 7. Sai dai in daga hannun wanda ya riga ya saya kake saye, yawanci ba ta rufe ka ba.

Masu cewa ai sola za su sa, su fara tambayar gunduma ko ta yarda a zauna a gida haka, su kuma tuna sanyin Kolorado ba na Jos ba ne. Batirin da zai riƙe na'urar ɗumama ɗaki da famfon rijiya cikin Janairu shi ma kuɗinsa ba kaɗan ba ne.