Biskit ɗin gida mai 'ya'yan kabewa da garin gero: shawara ga uwar da ta sauka Ingila

'Yar'uwa, barka da sauka, ya gajiyar hanya? Maganar rajista da likita da neman wa yara makaranta na san an riga an cika miki kunne da ita. Ni kan abin taɓawa na zo mu yi magana, wato ɗan abin da yara ke jefawa a baki tsakanin tashi daga makaranta da abincin dare. Ƙaramin abu ne a ido, amma a ƙasar nan ta nan kuɗin gida ke zurarewa, ta nan kuma haƙoran yara ke lalacewa.

Ana tashin 'yan firamare da ƙarfe uku da 'yan mintuna. A watan Disamba kafin ƙarfe huɗu duhu ya fara rufawa, ga sanyi, babu fita wasa ƙofar gida, babu shiga gidan maƙwabta. Yaro ya dawo da yunwa, inda zai nufa shi ne kabad ɗin kicin. A manyan kantuna kuwa za ki sami ledar biskit ƙasa da fam ɗaya, sai ki ga kamar kin yi arha, ki kwaso uku. Kafin Laraba babu ko ɗaya.

Ki juya bayan ledar ki duba layin sukari. A ƙa'idar ƙasar nan, duk abincin da sukarinsa ya haura giram 22.5 a cikin giram 100 ana lissafa shi a mai yawan sukari, shi ne za ki ga an yi wa jan tambari a gaban leda. Yawancin biskit masu cakulan ko kirim a tsakiya suna cikin wannan aji. Hukumar lafiya ta NHS ta ce kada sukarin da ake ƙarawa a abinci ya wuce giram 19 a rana ga yaro ɗan shekara 4 zuwa 6, giram 24 ga ɗan 7 zuwa 10, babba kuma giram 30. Biskit uku da kofin lemo ɗaya sun isa su cinye rabon yaro na yini. Ruɓewar haƙori ita ce kan gaba wajen kwantar da yara 'yan shekara 5 zuwa 9 a asibitocin Ingila. Duba haƙoran yara kyauta ne a NHS, sai dai samun likitan da zai karɓi sabon suna yakan ɗauki lokaci, don haka gara a tare matsalar tun daga kicin.

Abin da nake ba ki shawara shi ne ki ware yini ɗaya a mako, Asabar ko Lahadi, ki gasa naki. Ba ina ce miki biskit ɗin gida magani ba ne. Biskit ne, da bota da sukari a ciki. Bambancin shi ne ke kika auna sukarin da hannunki, kuma kin cusa masa abin da zai riƙe cikin yaro har a kira Magariba.

Kafin ki taɓa gari, akwai maganar makaranta, kuma ita ce ta fi komai nauyi a wurina. Mu mun taso da gyaɗa a ko'ina: ƙuli-ƙuli a aljihu, kunun gyaɗa da safe, kantun riɗi a bakin makaranta. A nan akwai yaran da in gyaɗa ta shiga bakinsu, ko da ɗan ɓurɓushi ne, maƙogwaronsu zai kumbura numfashi ya gagara cikin mintuna. Ya wuce borin jinin da muka sani mai ƙaiƙayi ya lafa. Shi ya sa makarantu da dama suka hana a shigo da gyaɗa da danginta kwata-kwata, a takardar da za a turo miki za ki ga an rubuta nut-free. Riɗi ma yana cikin abubuwa 14 da doka ta wajabta a bayyana a jikin abinci, tare da gyaɗa, ƙwai, madara, alkama da sauransu, kuma a jerin kayan haɗi ana rubuta su da baƙaƙen haruffa masu kauri don ido ya kama. A 2016 wata yarinya 'yar shekara 15, Natasha Ednan-Laperouse, ta faɗi a cikin jirgi bayan ta ci burodin da ta saya a filin jirgin Heathrow, ta rasu a asibiti a birnin Nice na Faransa. Akwai riɗi a cikin kwaɓin, ba a rubuta a ledar ba. Rasuwarta ce ta jawo dokar da ta fara aiki a Oktoban 2021, wadda ta tilasta wa masu shaguna rubuta duk abin da ke cikin abincin da suka naɗe a wurinsu. Saboda haka idan malama ta tare ki a ƙofa tana tambayar me ke cikin biskit ɗin da kika sa wa yaro, kada ranki ya ɓaci, ba raina girkinki ta yi ba. Ran ɗan wata take karewa.

Ki shiga ofishin makaranta ki tambaya kai tsaye: an hana riɗi? An yarda da 'ya'yan kabewa? Kowace makaranta da tsarinta, wasu ma ba sa son biskit ko cakulan a akwatin abincin rana sam. Hanya mafi sauƙi ita ce ki raba kwaɓinki biyu. Mai riɗi da gyaɗa na gida ne, ana ci a wanke hannu. Wanda zai fita waje, makaranta ko islamiyyar ƙarshen mako ko walima, a yi shi da 'ya'yan kabewa da na sanfulawa kawai, kuma shi za ki fara gasawa a tire mai tsabta. Ki duba ledar 'ya'yan ma, domin wasu an ɗura su a masana'antar da ake sarrafa gyaɗa, kuma ana rubutawa a ƙasa.

Sai sayayya. Ots, wanda muke dama wa yara kamar kunu, yana da arha a Aldi da Lidl da Asda da Tesco, babbar leda ta kilo ɗaya ki ɗauka. 'Ya'yan kabewa da na sanfulawa suna layin kayan gashi, kusa da fulawa. Amma riɗi kada ki saye shi a ɗan ƙaramin kwalba na layin kayan yaji, asara ce. Ki nemi shagon 'yan Pakistan ko Indiya ko Turkawa, kusan kowane gari mai Musulmi yana da su, a can ake sayar da shi a babbar leda. Yana ba ni daɗi duk sanda na ɗauki ledar nan na tuna cewa Jigawa da Nasarawa da Binuwai na cikin manyan wuraren noman riɗi a Najeriya, ana fitar da shi har Japan da Turkiyya.

A wannan shagon dai za ki ci karo da abin da zai faranta miki rai. Garin da aka rubuta wa bajri ko bajra gero ne, irin namu na fura. Wanda aka rubuta wa juwar ko jowar dawa ce. Kalonji kuma habbatus sauda. Garin gero yana ba biskit wani ƙamshi na gida da fulawa ba ta da shi. Sai dai abu biyu: ba shi da danƙon alkama, in kika yi da shi zalla biskit ɗin zai wargaje a hannu, kuma yana saurin yin ɗaci in ya daɗe a ajiye. Ki sayi ƙaramar leda, ki rufe ta ruf, ki ƙare ta cikin 'yan makonni.

Fulawa iri biyu ce a kanti, ki kula. Mai suna self-raising an riga an zuba mata hodar tashi, plain kuwa zalla ce. Wadda nake so ki ɗauka ita ce plain wholemeal, garin alkama da dusarsa. Ruwan ƙamshi na vanilla extract da za ki gani a yawancin girke-girken intanet galibi da barasa ake jiƙa shi. Ni ba na sa shi, kirfa da garin citta sun wadatar, kuma sun fi dacewa da gero.

Ga ma'aunin da zai ba ki kamar guda 24. Ki sayi ɗan sikelin kicin, domin nan da giram ake aiki, gwangwanin madara da muka saba awo da shi ba zai daidaita ba. Ots giram 150, garin alkama giram 60, garin gero giram 40, bota giram 100, jan sukari giram 50, dabino giram 80 da aka cire wa ƙwallo aka yayyanka ƙanana, ƙwai ɗaya, 'ya'yan kabewa da na sanfulawa da riɗi a haɗe giram 80, rabin ƙaramin cokali na bicarbonate of soda, ƙaramin cokali na kirfa, rabi na citta, da ɗan gishiri in botar ba mai gishiri ba ce. Sukari giram 50 a raba wa biskit 24, kowane ya tashi da kusan giram 2, sauran zaƙin na dabino ne. Dabinon ma yana manne wa haƙori, don haka ruwa za a bi da shi, a goge baki da dare.

Fara da soya 'ya'yan a busasshen kasko, wuta kaɗan, kina juyawa. Cikin minti biyu zuwa uku riɗin zai fara tsalle yana ƙara, 'ya'yan kabewar su kumbura su tsage, ƙamshi ya tashi. Nan take ki juye a faranti, in kika bar su a kaskon zafinsa zai ƙona su. Ki kunna fankar da ke saman murhu ko ki buɗe taga, saboda na'urar hayaƙin da ke silin gidajen haya ba ta da haƙuri. In ta yi kuka ki kaɗa mata tawul, amma kada ki taɓa cire mata batir ko ki rufe ta da leda.

Botar ki fito da ita daga firji awa guda kafin ki fara, a lokacin sanyi ma fiye. Ki buga ta da sukari har ta yi laushi, ki fasa ƙwai ki juya, sannan ki zuba busassun kayan gaba ɗaya da dabino da 'ya'yan da suka huce. In kwaɓin ya ƙi haɗuwa, ki ƙara madara babban cokali ɗaya ko biyu. Ki bar shi a firji minti 20 don ots ya sha danshi. Sai ki shimfiɗa takardar gashi a tire, ki dinga mulmula kamar girman ƙwallon fura ƙarami, ki danna da tafin hannu. Wannan irin ba ya bajewa da kansa sosai, yadda kika danna shi haka zai fito. Wannan aikin na yara ne, ki ba su, yaron da ya mulmula da hannunsa ba ya ƙin cin abin da ya yi ko da ya ga koren 'ya'ya a ciki.

Oben shi ne ke ba sababbin zuwa wahala. Ki duba maɓallin da ke da zane-zane. Mai hoton fanka iska yake zagayawa da ita, ki sa shi a digiri 160. Mai layi sama da ƙasa ki sa 180. In na gas ne mai lambobi, lamba 4. Zanen da ke kama da haƙoran zarto a sama na gasa nama ne, wuta daga sama kawai yake saukarwa, zai babbake saman biskit ya bar cikin ɗanye. In kin ga 350 a girkin intanet, ma'aunin Amurka ne, daidai yake da 180 na nan. Ki kunna oben minti goma kafin ki sa tire, ki gasa minti 12 zuwa 14. Gefensa zai yi ja, tsakiya da ɗan taushi, kada ki ce bai yi ba ki mayar. Yana hucewa zai taurara. Wuta tana da tsada, musamman in mitar gidan mai lodin kuɗi ce, don haka ki ninka ma'aunin ki gasa tire biyu a lokaci guda. A cikin gwangwani mai murfi zai yi kwana biyar lafiya, sauran ki sa a firiza, ko ki daskarar da ɗanyen da kika mulmula ki dinga gasawa in baƙi sun zo.

Idan hannunki ya saba, akwai wasu 'ya'ya biyu da za ki gani a kanti. Linseed ƙanana ne masu santsi, sai an niƙa su jiki ke amfana da mansu, in ba haka ba yadda suka shiga haka za su fita. Niƙaƙƙen a firji ake ajiye shi. Babban cokali ɗaya na garinsa da cokali uku na ruwa, a bar shi minti biyar, yana maye gurbin ƙwai ɗaya ga yaron da jikinsa ba ya karɓar ƙwai. Chia kuma yana shan ruwa sosai, cokali ɗaya ya isa, in kika zarce kwaɓin zai bushe. Habbatus sauda tana da ƙarfi, rabin ƙaramin cokali ya wadatar, yara da yawa ba sa son ɗacinta.

Ga mai ƙananan yara: NHS ta hana a ba ɗan ƙasa da shekara 5 gyaɗa ko makamanciyarta ɗungum saboda shaƙewa, don haka nasu ki niƙa 'ya'yan kabewar da na sanfulawar a bilenda kafin ki zuba. Zuma kuma ba a ba jaririn da bai cika shekara ɗaya ba, ko a cikin gashi, duk da yadda muke girmama ta a gida.

Abu na ƙarshe, saboda na san zai faru. Za ki kai wannan biskit taron suna ko buɗe-baki a masallaci, wata ta ce, "Maman yara, ki dinga yi muna saye mana." Kafin ki amsa, ki duba sharuɗɗan bizarki. Mai bizar karatu ba a yarda ya yi sana'ar kansa ba, ko da daga kicin ne. In takardarki ta ba ki dama, doka ta ce ki yi rajista da ƙaramar hukumar yankinki aƙalla kwana 28 kafin ki fara sayarwa. Rajistar kyauta ce, ta intanet ake cikewa, za su iya zuwa su duba kicin ɗinki, kuma dole duk mai saye ya san ko akwai riɗi, ƙwai, madara ko alkama a abin da kika miƙa masa.