Yadda na kashe karkarwar ƙofar motata bayan canza sifika

Na sa sababbin sifikoki masu inci 6.5 a ƙofofin gaban Corolla ɗina, amma da kiɗa ya yi nauyi sai ƙofar direba ta kama kar-kar kamar gwangwani. Na zargi sifikar, na musanya ta da ta ɗaya gefen, ƙarar tana nan. Rewaya ya duba wayoyi, lafiya lau.

Ashe ƙarfen ƙofar ne ke rawa. Na cire murfin ciki, na ƙwanƙwasa ƙarfen da yatsa, ya amsa fayau. Na goge ƙurar da sifirit har ya bushe, don gam ba ya kama datti. Na yanka shimfiɗar butil (wata roba mai danƙo da ke hana ƙarfe rawa) mai bayan alminiyam, na manna daidai bayan sifikar da tsakiyar ƙarfen, na danne da rola har ba sauran iska. Ban toshe ramukan ƙasan ƙofar ba, ta nan ruwan sama ke fita. Sandar makulli ma tana bugun ƙarfe, na naɗe ta da soso. A rediyo na sa HPF, wato saitin da ke rage wa sifika sauti mai nauyi sosai, a 80Hz.

Na ƙure murya, shiru, sai kiɗa tsantsa. Alhamdulillahi, na gode wa maƙwabcina da ya ara min rolar.