TikTok ko Google: Ina Ɗan Kasuwar Zango Zai Samo Masu Saye?

Kafin ka kashe ko sidi ɗaya na kuɗin Gana a kan talla, dubi irin hajarka. Akwai kayan da ido ke saye, kamar shadda, abaya, gyale da takalma. Mace na zaune a unguwar Nima ta Accra tana latsa waya, ba ta da niyyar sayen komai, sai ta ga wata ta yafa gyale a TikTok, ranta ya biya. Akwai kuma kayan da larura ke kai mutum gare su: fuskar waya ta fashe, firji ya daina sanyi, birki ya cinye. Mai irin wannan matsala Google yake shiga ya rubuta abin da yake nema haɗe da sunan unguwa, kuɗinsa na aljihu. Don haka mai kayan mota a Abossey Okai ta Accra ko Suame Magazine ta Kumasi ya fi buƙatar Google, mai atamfa a kasuwar Kejetia ta Kumasi kuwa bidiyo ne kasuwarta.

In hajarka ta larura ce, buɗe Google Business Profile, wato shafin da ke nuna shagonka a binciken Google da taswirarsa, kyauta ne. Rubuta sunan shago daidai yadda yake a allon ƙofa. Masu cusa jerin kayansu cikin sunan don su hau sama, Google kan dakatar da shafinsu. Inda aka fi tuntuɓe shi ne taswira, domin lungunan Zango ba sa tafiya da lambar gida. Tsaya a bakin ƙofarka, ka ja alamar shagonka a kan taswirar da yatsa har ta sauka daidai wurin, ka ƙara adireshin GhanaPostGPS (adireshin dijital na Gana) da wata shaida da kowa ya sani, masallaci ko tasha. Sa lokutan buɗewa na gaskiya, har da rufewar sallar Juma'a. Wanda ya zo ya tarar da kwaɗo ba ya dawowa. Sau da yawa za a nemi bidiyon allo, titi da cikin shago don tantancewa. Bayanin kaya ka rubuta shi da Turanci, tunda da shi aka fi bincike a Accra da Kumasi. Duk wanda ka yi wa aiki ya ji daɗi, roƙe shi ya rubuta shaida a shafinka na Google kafin ya bar wurin. Wannan hanya sai an yi makonni take fara kawo kira.

Ga mai kayan ido, gajeren bidiyo cikin hasken rana ya isa, a yi magana da Hausa, a faɗi farashi tun farko. Ɓoye farashi yana korar mai kunya. Kowane bidiyo ya ƙare da hanyar WhatsApp Business, wato wa.me/233 (lambar ƙasar Gana) sai lambarka ba tare da sifilin farko ba; in ka sa sifilin, mahaɗin ba zai kai ga wayarka ba. Status yana gogewa bayan awa 24, kuma sai wanda kuka ajiye lambar juna ke ganinsa. Saƙon bai-ɗaya (Broadcast) ma mutum 256 yake ɗauka, kuma ba ya isa ga wanda bai ajiye lambarka ba.

Idan za ka biya Facebook ko Instagram su yaɗa talla, taƙaita shi ga garin da kake iya kai kaya, in ba haka ba kuɗin zai ƙare kan masu yabo daga nesa. Sannan ka ware littafi na kwana 30: duk wanda ya biya, tambaye shi inda ya gan ka, ka rubuta. Masu biya ake ƙirgawa, banda masu danna alamar so. Kafin ka miƙa wa ɗan okada kaya, duba asusun MoMo ɗinka, wato asusun kuɗi na waya, da kanka, domin hoton saƙon biya ana iya ƙirƙirarsa.