Yadda ake fitar da fasalin kwat a jikin mutum-mutumin ɗinki

Kada ka fara da yadin mai kaya. Sayi akoko yadi 2 a kasuwar Sabon Gari, mai kauri kusa da na yadin kwat ɗin, ka goge shi.

1. Ɗaura soson kafaɗa a jikin mutum-mutumin tukuna. In ka bari sai daga baya, kafaɗa za ta ɗage, hammata ta matse.

2. Ja layi da alli bisa tsawon zaren akoko, ka daidaita shi da tsakiyar ƙirji, ka kafa fil daga wuya zuwa ƙugu. In layin ya karkace, gaban kwat zai riƙa murɗewa, guga kuma ba ta gyara wannan. Bar inci 1 bayan layin don maɓalli.

3. Shafa yadin da tafin hannu zuwa kafaɗa da gefe, ban da ja. Tsattsaga bakin wuya kaɗan da almakashi ya kwanta.

4. Tattara rarar ƙugu ka kama dat, wato ninkin da ake ɗinkewa don yadi ya bi siffar jiki. Ƙirji kuwa a bar masa sakin inci 4 a zagaye, tunda a hunturun Zariya kan riga ake ɗora kwat, wani har da suwaita.

5. Yi baya haka nan. Ɓari ɗaya, na dama ko na hagu, ya isa.

6. Zana layukan ɗinki kafin ka cire fil, ka ƙara inci 1 na ɗinki, sannan ka yanka.